Sunan da Usaina Ba Ta Faɗa

A shekarar da aka yanke Nasarawa daga Filato aka ce Lafia ce babban birni, Usaina na da shekara ashirin da shida a duniya, da ƙwarya uku ta tallan nono, da 'ya'ya biyu in ita ka tambaya, uku in ka tambayi kowa.

A shekarar ne mijinta Wakili ya gaji da jan iyali daji-daji, ya kafa bukkoki a bayan Akurba, daidai inda gari ke ƙarewa gonakin doya su karɓa. Shi kansa bai zauna ba. Da zarar ciyawa ta bushe sai ya kora garke kudu, ta Doma har bakin Binuwai, ba a sake ganinsa sai ruwa ya sauka. Amma matarsa da yara da tsohuwarsa, wadda kowa ke kira Inna, sun sami wurin zama, da 'yan shanun tatsa guda shida.

Yarinyar da ba ta shiga ƙirgen Usaina ita ce ta fari. Juwairiya sunanta, sai dai ba daga bakin uwarta za ka ji shi ba. Haka Usaina ta taso ta tarar: mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a idon jama'a, in an tambaye ta ba ta ce nata ne. Kunya ce, kuma a ruga macen da ba ta da ita ba a ganinta da gashi. Ranar da aka yaye yarinyar Inna ta ɗauke ta, shi ke nan ta zama 'yar tsohuwa. Ta tashi tana kiran kakarta Inna, tana kiran uwarta Adda kamar wata yayarta. Ita kuwa Usaina in ta matsu sai ta ce "ke", in ba ta matsu ba ta ce "waccan".

Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta sonta. Ƙarya yake. Son da take yi wa yarinyar nan har tsoro yake ba ta, shi ya sa ma take danne shi da ƙarfi. Duk man shanun da ya fi kyau bukkar Inna yake zuwa, wai don tsohuwa ba ta da haƙori. Inna na karɓa tana murmushi, ta san bakin wa ake nufi.

Kullum da hantsi Usaina na gindin wani mangwaro da ke fuskantar wani gida mai jan rufi, wanda gwamnati ta kama haya ta mai da shi ofis. A farkon zuwan jiha, ma'aikatan da aka kwaso daga Jos a kan kwali suke zama, fayil-fayil a cikin buhu, kuma su ne suka fara sayen nonon tallanta. A gefenta Baballe ke zama da tafiretarsa a kan tebur mai ƙafa uku da rabi, wani ɗan tsamurmurin mutum da kakanninsa suka zo fatauci daga Kano suka manta hanyar komawa. Aikinsa buga wa mutane takardar neman aiki da ta koke, kuma ba ya iya bugawa sai yana karantawa da ƙarfi. Ta haka Usaina, wadda ba ta san ko bihim ba, ta san sirrin rabin garin.

Ba ta damu da sirrin ba. Ita mace ce mai tafiya tana zaune. In rana ta take, kwalta ta fara rawa da zafi, sai idonta ya tsaya wuri ɗaya, ta tafi. Wani lokaci ta ga motocin gwamnati sun zama fararen shanu suna gangarawa mashaya. Wani lokaci ta koma wani kwari da suka taɓa yada zango tana ƙarama, wanda ba ta san sunansa ba, ba ta ma da tabbacin akwai shi. Mai saye sai ya ƙwanƙwasa ƙwarya da ludayi sau biyu kafin ta dawo. Baballe kan ce, "Yau kuma wace ƙasa aka je? An zo mana da tsaraba?" Ta kan ja mayafi ta ce, "Sha nononka, Malam."

Inna ce ta sa Juwairiya a makaranta, kuma haushi ne ya sa ta. A daminarsu ta farko a Akurba sammore ya shiga garke, cutar nan da ƙudan tsando ke kawowa, saniya ta yi ta ramewa tana ci. Wakili ya sayo magani a kwalba wurin wani mai yawo da keke, aka yi ta allura, shanu tara suka mutu. Da malamin dabbobi ya zo ya duba kwalbar sai ya ce ai a jikinta an rubuta ranar da maganin ya lalace, shekara biyu ke nan. Inna ta juya kwalbar ta sake juyawa. Ta ce, "Wato tana faɗa mana, mu ne ba mu ji." Washegari ta kama hannun yarinyar ta kai ta makarantar 'ya'yan makiyaya, aji biyu da rufin kwano. Wakili ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "'Yata ce ko taka?" Ya rufe, don shi ma a bisa al'ada ba shi da bakin cewa tasa ce.

Yarinyar ta kama karatu kamar yadda ɗan maraƙi ke kama nono. Ta tsallake aji ɗaya a firamare, ta shiga sakandare a cikin gari, tana zuwa tana dawowa a ƙafa, in an tashi ta biyo ta gindin mangwaro ta ɗauki ƙwaryar da ta ƙare. Duk abin da ta gano a makaranta Inna take ba labari, da yamma a ƙofar bukka, da murya mai ƙarfi fiye da yadda kunnen Inna ke buƙata. Usaina kuwa a daidai lokacin ne wanke-wanke ke kama ta, nan kusa, kuma ƙwarya ɗaya sai ta ci rabin awa.

Ranar da ba ta mantawa ita ce ranar madubin likita. Juwairiya ta ce malaminsu ya ɗiga kindirmo a kan gilashi ya sa a ƙarƙashin madubin, suka leƙa ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, akwai masu rai a ciki. Dubbai. Wasu kamar sanda, wasu kamar tsakiya a zare. Su ne ke sa madara ta yi tsami ta kama jikinta."

Inna ta ce ita dai shekara saba'in tana sha ba ta taɓa taunar kowa ba. Amma hannun Usaina ya tsaya a cikin ruwa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Inna, tambayi 'yarki, su waɗannan suna barci?"

"Wai suna barci?" in ji Inna.

"Ki ce mata in an yi sanyi suna lafawa, in an yi zafi su tashi su yi ta haihuwa."

"Kin dai ji," in ji Inna.

Tun daga ranar tallan nono ya canja wa Usaina. Ashe ba ƙwarya take ɗauka ba, garke take ɗauka, garken da ya fi na Wakili da na ubansa, kuma ba ya cin gonar kowa. Ta riƙa takawa a hankali don kada ta firgita su. A gindin mangwaro ta kan ɗaga faifai ta leƙa, ta ga fari fat ba motsi, ta ce a ranta sun kwanta tuƙa. Ta yi ta tunanin wane ne makiyayinsu, da ko suna da rani da damina a can ciki, da ko su ma in sun ɗaga kai suna ganin wata ƙatuwar fuska a sama suna zaton farin wata ne. Alfahari ya cika mata ciki har ya yi mata nauyi, don yarinyar da ta ga wannan da idonta daga jikinta ta fito, kuma ba wanda za ta gaya wa.

Inna ta rasu da daminar 2006, cikin sauƙi, bayan ta idar da la'asar. Ba kaka kaɗai aka binne ba, har da hanyar da magana ke bi tsakanin bukkokin nan biyu. Uwa da 'ya suka rasa ta inda za su ɓullo wa juna. Usaina kan tsaya a tsakar gida ta ce wa iska, "Tuwo dai ya sauka, in akwai mai ci." Juwairiya ta ce wa ɗan maraƙi, "Gobe akwai jarrabawa, ba zan sami zuwa rafi ba." Haka suka yi ta yi. Yarinyar ta gama sakandare da sakamako mai kyau a kimiyya, ta ninke takardar ta sa a akwatin Inna, ta koma tatsa. Ba ta yi ƙorafi ba. Kowa ya san inda karatun 'yar ruga ke tsayawa, ita ta ma wuce wurin da nisa.

Da bazarar 2008, lokacin da mangwaro ke faɗowa a kan tafiretar Baballe, layi ya fara taruwa a gabansa. Gwamnati ta fito da wani shiri: an ware gurabe a manyan makarantu don karatun kimiyya da fasaha, na 'yan mata daban, na masu naƙasa daban, na 'ya'yan makiyaya daban, kuma ita za ta ɗauki nauyin komai har a gama. Baballe ya buga fom ɗin mutum arba'in yana karantawa da ƙarfi kafin ya juyo ya ga yau Usaina ba ta tafi ko'ina ba, kunnenta na nan.

"Yarinyar nan ta gidanku mai zancen madubi," ya ce, don shi ya san yadda ake magana da ita. "A turo ta gobe da takardunta. Akwai karatun gwajin jinin dabbobi. Ita ce za ta riƙa leƙawa ta ce wannan sammore ne, wannan ba shi ba ne."

Usaina ta isa gida ta gaya wa turken saniya, "An ce masu takarda su je wurin Malam Baballe gobe." Juwairiya ta je.

Matsala ɗaya ce. Fom na son takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma, ita kuwa Juwairiya a hanya aka haife ta, ba ƙaramar hukumar da ta san da zuwanta. Masu shirin sun hango wannan. Suka ce ɗan makiyayin da ba shi da takarda ya zo da uba ko uwa, su tsaya gaban kwamiti a bainar jama'a, a kunna rikoda, su faɗi da bakinsu cewa nasu ne, su faɗi sunansa da inda aka haife shi. Kwana uku za a zauna, Litinin zuwa Laraba, a gidan nan mai jan rufi. Wakili na can bakin Binuwai inda ko saƙo sai ya kwana biyar a hanya. Saura Usaina.

Ta sa a ranta abin zai zo da sauƙi. A ganinta gwamnati babba ce, ai ba za ta yi irin tambayar da ko yaro a ruga ya san ba a yi ba.

Ranar Litinin zauren ya cika da makiyaya, daga Doma, daga Keana, har da dattawan dangin Wakili. Teburin 'ya'yan makiyaya wata mata ce a kansa, Madam Ursula, injiniyar ruwa, doguwa mai tabarau. Tibi ce, amma a barikin soja a Legas ta girma, Hausarta ta kasuwar Lafia ce. Ita ta yi shekara uku tana bin ofis-ofis har shirin ya tabbata, kuma a safiyar nan kaɗai ta kama 'yan matan gari huɗu da aka yi wa kitson Fulani aka haɗa su da iyayen haya. Ranta a ɓace yake, kuma da gaskiyarta.

Ta duba sakamakon Juwairiya, fuskarta ta ɗan saki. Ta danna rikoda.

"Mama, wannan yarinya, yaron ki ne?"

Usaina ta ji idon dattawan dangi a bayanta. Ta dubi siminti.

"'Yar tsohuwa ce."

"Wane tsohuwa? Ina shi?"

"Ta rasu."

"Ayya, sori. To ke fa, ke ne kin haife shi?"

Usaina ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Fanka na ta juyawa a sama.

"Oke. Yara nawa kina da shi?"

"Huɗu."

"Kira sunan su."

"Mahir. Zulfa. Safiyullahi. Ikilima."

Madam Ursula ta dubi fom, ta dubi Usaina. "Ba wannan a ciki."

"Madam, don Allah, al'ada ce," in ji Juwairiya. "Ita ce..."

"Yau kowa yana da al'ada," in ji Madam Ursula. Ta kashe rikoda, ta ja layi a kan fom, ta ajiye shi gefen hagu tare da na 'yan matan nan huɗu. "Na gaba."

Abin takaicin, suna fita dattawa sai gyaɗa kai suke. Su da suka kawo 'ya'yansu na biyu da na uku, bakinsu bai yi nauyi ba. Wani tsoho daga Doma ya ce da ƙarfi don ta ji, "Wakili ya yi dacen mata. Ko gaban gwamnati ba ta zubar da kunya ba." Wata ta riƙe mata hannu tana sa mata albarka. Usaina ta fita da yabon da ba ta taɓa samun irinsa ba, 'yarta na gaba da taku ashirin, ba ta waiwayo ba har Akurba.

Da yamma wurin tatsa Juwairiya ta jingina goshi a cikin saniya. Ba ta yi wa maraƙi magana ba, ba ta yi wa iska ba. Ta ce, "Inna, da kina nan." Shi ke nan. Usaina na bayanta da ƙwarya a hannu, ta ji maganar ta shige ta kamar ƙaya. Haushi ya kama ta, na yarinyar, na Madam, na Inna da ta mutu ta bar ta da wannan aiki. A ƙarƙashin haushin kuma tsoro ne, don ta gane abin da ta yi shekara goma sha tara tana yi saboda mutuncinta da na yarinyar shi ne yau ya rufe wa yarinyar ƙofa.

Talata ta je talla kamar kullum. Baballe ya riga ya ji. Bai buga ko harafi ba, ya tsallaka titi ya shiga ofis, ya daɗe. Da azahar sai ga Madam Ursula da kanta ta fito, ta zo gindin mangwaro ta zauna a bencin masu saye, ta cire tabarau tana gogewa da bakin zane.

"Mama, Baballe ya gaya mini. Gaskiya ban sani ba. A wurin mu, mama yana kiran sunan yaron fari har maƙwabta su gaji."

Usaina ta zuba mata nono a ƙoƙo ba tare da ta tambaye ta ba.

"Ni na rubuta wannan doka da hannu na," in ji Madam. "Lokacin da na yi karatu, mu tamanin a aji, ni kaɗai mace. Ko bayi na mata babu a wurin. Na ce in na samu dama, ba yarinya da zai tsaya a waje. Na zauna na tuna da mai keken guragu, na tuna da wanda ba shi da satifiket, na tuna da kowa. Ban tuna da ke ba." Ta kurɓi nonon. "Zan rubuta a canja shi, shekara mai zuwa ardo ko kawu ya iya tsayawa. Amma bana ba ni da pawa. Abin da na soke a gaban mutane da rikoda, sai a gaban mutane da rikoda zan gyara. In na yi a ɓoye, iyayen waɗancan huɗu za su cinye ni, su cinye shirin. Gobe sha biyu za mu rufe lis."

"A bari sai shekara mai zuwa," in ji Usaina.

"Shekaran shi zai wuce. Sha tara ne iyaka. Abeg, mama, ki zo gobe. Minti ɗaya ne."

Minti ɗaya, in ji ta. A hanyar komawa Usaina ta ratse cikin gonakin doya, inda tsibin ƙasa ke jere ba kowa, hadari na haɗuwa can gabas bai yanke shawarar zuwa ba. Ta sauke ƙwarya. Ta duba gabas da yamma. Ta buɗe baki don ta gwada, ita kaɗai, sai ta tarar ba ta san ta inda ake farawa ba. Ta sha jin sunan a bakin Inna, a bakin malamai, a bakin yara, amma harshenta bai taɓa bin hanyarsa ba, ko a zuci ma "waccan" take cewa. Ta tsaya har iska ta taso ta lafa. Ta hango kanta tsohuwa a ƙofar bukka, mata na nuna ta ana cewa ga mai kunyar da ba a yi irinta ba, a gefe kuma wata mata da furfura ta fara fito wa na durƙushe tana tatsa, takarda na ruɓewa a akwati. Ta ɗauki ƙwaryarta. Ba ta iya faɗa ba, amma ta daina tambayar kanta ko za ta je.

Laraba da safe ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Masu zuwa gari su shirya." Juwairiya ta fito ta dube ta, ta koma ta ɗauko mayafi.

Zauren bai ragu ba, tsohon nan na Doma ma na benci na gaba yana jiran takardar jikansa. Madam Ursula ta zaro fom daga gefen hagu, ta danna rikoda.

"Mama, wannan yarinya, yaron ki ne?"

Usaina ba ta dubi siminti ba, ba ta dubi Madam ba. Ta dubi taga. Idonta ya tsaya wuri ɗaya, ta tafi, sai dai wannan karon da bakinta ta tafi.

"Farkon rani ne," ta ce. "Mun taso daga Doma za mu Keana, shanu na son gishiri. Kwana uku muna tafe. A rana ta uku da hantsi na ji abin ya zo. Ban gaya wa kowa ba, ba a faɗa. Na ce zan nemo itace. Na bar hanya na sami wata kaɗanya, na riƙe reshenta. Daga nan ina hango hayaƙin matan Keana, suna dafa gishiri, hayaƙin na tashi tsaye ba iska. Na ce in na ƙirga hayaƙin nan zan manta da ciwo. Goma sha ɗaya ne. Ban yi kuka ba. Ita ce ta yi."

Kaset na juyawa.

"Wata mata Alago ta ji, ta zo. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta yanke cibi, ta kawo ruwan zafi daga murhunta ta wanke mu, ta koma bakin aikinta. Kafin mutanenmu su zo, mu biyu ne a gindin itacen, ni da ita. Na duba ta ko'ina, yatsu, kunne, komai. Ba mai kallo. Na ce mata tawa ce. Sau ɗaya ke nan na faɗa, ba ta da wayo."

Ta numfasa.

"Tawa ce. Ni na haife ta."

Muryar Madam Ursula ta yi ƙasa. "Sunan shi, mama."

Usaina ta ji tsohon Doma ya motsa a benci. Zafi ya taso mata daga wuya har kunne, kamar an tuɓe ta a kasuwa. Sunan ya fito a hankali, a rarrabe, irin takun wanda ke ƙetare rafi a kan duwatsu bai san wanda zai juya ba.

"Juwairiya."

Wata mata a baya ta ce "Subhanallahi" ta toshe baki. Tsohon ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa, kuma har yau ba a san ko tir ya yi ko wani abu ne ya faɗa masa a ido ba. Juwairiya ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka, kafaɗunta na motsi. Madam Ursula ta buga hatimi da ƙarfin da ya wuce buƙata, ta ajiye fom ɗin gefen dama, ta daɗe tana neman biron da ke hannunta.

Abin da ya biyo baya duk Akurba an sani. An yi wata biyu ana surutu a rugage. Wakili ya dawo da damina ya ji, ya yi kwana uku ba ya haɗa ido da kowa, sannan ya shiga gari ya sayo wa yarinyar jakar tafiya. Juwairiya ta tafi karatu. A 2010 ta zo hutu da farar riga da 'yan kwalabe ta ɗebi jinin shanun ubanta, masu surutun suka jero da nasu. An gyara dokar kamar yadda Madam ta yi alkawari. Usaina kuwa ta koma cewa "waccan", kamar ba a yi komai ba.

Amma ita ba waɗannan take tunawa ba. Hanyar komawa gida take tunawa, a ranar Larabar. Sun fito da rana tsaka, ta karɓi ƙwaryarta wurin Baballe, wanda ya sunkuya yana gyaran abin da bai lalace ba a jikin tafireta. Suka bi titi, suka bar kwalta, suka shiga turba. Wannan karon yarinyar ba ta yi gaba ba, tana baya da taku biyu. A haka suka wuce gidajen ƙarshe.

"Adda."

"Mm."

"Ɗazu fanka na ƙara. Ban ji sosai ba."

Usaina ba ta tsaya ba, ba ta waiwaya ba. Ta gyara zaman ƙwarya a kanta, ta ji dariya da kuka sun taso mata tare sun rasa wanda zai fara fita.

"Gwamnati sau ɗaya ta tambaya," ta ce.

Ta ƙara sauri don kada a ga fuskarta. Juwairiya ba ta sake roƙo ba. Tun a zauren ta ji sarai.